Ranar Da Na Tsayar Da Waliyyi A Tsakiyar Kogi

Ni Nicanor Angulo ban taɓa zama a aji ba, amma duk bakin kogin nan ba wanda ya kai ni kiɗan ganga. Ambaliyar da ta share unguwarmu ma ta gwada ni ta haƙura. A kan bishiyar kwakwa ta bar ni ina zaginta. Sai dai tun daga nan, in na sa ƙafa a kwalekwale, gwiwoyina su ƙi. Ba tsoro ba ne fa. Gwiwa ce.

Ga bikin waliyyinmu ya matso, ranar da ake ɗora mutum-mutuminsa a jirgin ruwa cikin furanni, makaɗi a gabansa. Aka fara raɗe-raɗin za a ba Tiburcio wurina. Tiburcio! Mutumin da yake dukan ganga kamar mai kakkaɓe tabarma.

Matata Eufemia ta tasa ƙeyata zuwa asibiti, wurin Yesenia mai ba da shawara. Na shirya mata labarin ambaliya har da ƙari.

"Kawu, ba dole sai ka faɗa ba," in ji ta. "Ina kake son zama? A rufe ƙofa ko a bari?"

"'Yata, me kika sani game da ruwa?"

"Uwata kaguwa take tonowa a laka. Ina ƙarama 'yan bindiga suka kore mu, a ƙasan kwalekwale na yi tafiyar. Har na gama karatu a birnin Cali, ƙarar inji tana sa ni gumi."

Na ce to, a bar ƙofar.

Maganinta abin dariya. Ta sa aka jawo kwalekwale kan tudu a ƙofar gidana, muka zauna ciki muna cin soyayyar ayaba, kaji na zagaye mu.

"Kyaftin, a gaida kaji!" in ji Eufemia daga taga.

Daga baya muka tura shi inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Dokar Yesenia guda: duk sanda na ce a tsaya, an tsaya, ba tambaya. Ta bi matuƙan jiragen biki ɗaya bayan ɗaya sai da suka amince.

Ranar biki na shiga jirgin waliyyi da farar rigata. Muna kai tsakiya, ruwa ya mari jirgin, na ƙwala ihu:

"A tsaya!"

Jama'a, aka tsaya! Jirage, mawaƙa, limamin coci, har waliyyi da kyandirorinsa, kowa yana jiran Nicanor. Na danna tafin ƙafata a katako, na yi numfashi a hankali yadda ta koya mini, har hannuna ya dawo nawa. Sannan na sauke shi kan fatar ganga, kogin ya ɗauka gaba ɗaya.

Eufemia tana rawa tana ihu: "Tsohon banza, ka sa waliyyi jira!"

"Ai bai yi ƙorafi ba!" na ce, na ƙara wa kiɗan wuta har muka taɓa gaɓa.