Muryar Nunziata a Sinimar Garinmu

Nunziata ba ta gama saukowa daga motar Roma ba, ta hango takardar tallan a bangon sinima, sai da akwatinta ya kusa suɓucewa. Wata baturiya ce mai farin gashi ta kishingiɗa a kan gado, an bi wuraren da ya kamata a rufe an manna baƙar takarda, a ƙasa an rubuta cewa manya zalla. Nunziata ta san matar nan fiye da yadda uwar da ta haife ta ta san ta. Kwana huɗu ta yi a tsaye tana kallon bakinta.

A garinmu kowa ya san 'yar Mastro Saverio tana aikin rediyo a Roma, tana karanta wa yara tatsuniyoyi. Haka ta ce, haka aka karɓa, tunda rediyon ba ya kamawa a bayan duwatsun nan. Gaskiyar kuwa daban ce. A shekarun nan na saba'in, a Roma ba a ɗaukar fim da murya. A kwaso mata daga ƙasashen sanyi, ba su jin ko gaisuwa da yarenmu, a ce su riƙa motsa baki suna ƙirga ɗaya, biyu, uku. Daga baya sai a kai fim ɗin wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a tsayar da irin su Nunziata gaban makirufo su zuba wa bakin magana. Da nishi. Nishin ma ya fi maganar yawa.

Shi wanda ke yin muryar saurayin wani tsoho ne mai sanƙo, jikoki biyar gare shi da gyambon ciki, tsakanin nishi da nishi yana kurɓar madara. In an zo wajen sumba, kowa bayan hannunsa yake tsotsa. Mai ba da umarni yana bayan gilashi yana cin gyaɗa yana cewa, "Ƙara, Nunziata, ƙara! Mutuwa kike yi a kansa!" Ita kuwa tunaninta na kan motar ƙarfe shida da ƙafarta da ta kumbura. Labarin kullum ɗaya ne: mace ta ce a'a sau biyu, a na uku ta narke, wai dama can abin da take so ke nan. Ba a taɓa sa sunan Nunziata a jikin fim ba, kuma ta ɗauka irin waɗannan a manyan birane suke ƙarewa. Ashe in sun tsufa, sun yi zane-zane, ƙauyuka ake turo su.

Matsalar ita ce wushiryarta. Tun tana ƙarama, in ta ja numfashi kafin ta yi magana, wani ɗan siririn fito ne ke fita ta tsakanin haƙoranta. Yaran unguwa har Usur suke kiranta. Mai ba da umarni ya ƙaunaci fiton nan, ya hana a goge shi. Yana cikin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe.

Ta iso gida. Gwaggonta Addolorata, ƙanwar mahaifinta da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ta tare ta da gari a hannu.

"Ke 'yar nan, a Roman ba sa cin abinci ne? Dubi wuya kamar na kazar da aka fige! Zauna, albishirinki. Limamin coci Don Egidio ya ce bana ke za ki karanta addu'ar Waliyyi Rocco a bikinsa gobe. An sayo sabuwar lasifika, an ɗaura a hasumiyar coci, har masu gonar zaitun na gangare za su ji ki."

"Ni, Gwaggo?"

"A'a, ni. Wa muke da shi a rediyo in ba ke ba? Matar mai kantin magani ta so a ba 'yarta, na ce wannan mai muryar ƙofar da ba mai? Kwana uku ba ta gaishe ni ba."

Nunziata ta nemi kujera ta zauna. Ta tambaya ina Baba yake.

"Yana shagon Ciriaco wanzami, ana masa aski. Tsofaffin banzan nan wai za su ja shi sinima ƙarfe huɗu, su ga wancan abin kunyar da aka liƙa a bango. Makaho fa! Na ce me za ka gani? Ya ce shi ji zai yi. Ci taliyarki kafin ta huce."

Mastro Saverio shekara talatin yana gyaran molo da kayan kiɗan coci kafin idonsa ya tafi. Mutum ne da in ƙwarya ta faɗi a gidan maƙwabta zai gaya maka ta tsage ko ba ta tsage ba. Kuma tun Nunziata tana shekara tara ita ke karanta masa jarida bayan cin abincin rana. Duk zuwan da za ta yi, jaridun wata guda take tararwa a tare a kan kujera suna jiran ta.

Ta ajiye cokali ta fita da gudu-gudu. Ta same su a ƙofar shagon, su biyar, an fesa turare an taje gashin baki kamar masu zuwa ɗaurin aure. Mahaifinta na tsakiya, riƙe da hannun Ciriaco.

"Nunzia," ya ce tun kafin ta yi magana. "Takalminki na hagu ya cinye."

Ta sumbaci hannunsa. "Baba, zo mu je gida, na zo maka da gahawar Roma. Ga jaridu sun taru."

"Kai, kai, kai!" in ji Ciriaco. "'Yar birni, bar mana tsohon nan na awa biyu. Shekara goma bai ga mace ba, yau ma ba zai gani ba, amma dai zai ji ƙamshin miya daga waje."

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce shi zai riƙa yi masa bayani, wani ya ce ai kai in ka fara kallo bakinka a buɗe yake ƙamewa.

"Baba, zafi ya yi yawa a ciki. Hawan jininka fa."

"Jinina ya daɗe bai hau ko'ina ba, 'yata. Je ki huta, gobe kina da aiki."

Ta tsaya tana kallon su har labulen ƙofar sinima ya haɗiye su. Ta ƙirga maza arba'in da wani abu da suka shiga: mai gidan burodi, direban mota, malamin da ya koya mata lissafi, mijin ƙawarta, har mai kaɗa ƙararrawar coci ya shige ta gefe da hula a kan fuska. Duk sun san Usur. Ta zagaya bayan ginin, inda tagar ɗakin majigi take a buɗe saboda zafi. Ta jingina da bango. Sai ga muryarta ta fito, ƙatuwa, ta cika lungun. Fiton ya fara zuwa, siriri, sannan maganar da ko a gaban madubi ba za ta iya maimaitawa ba. A ciki wani ya yi ihu, aka yi tafi. Ta toshe kunnuwa, amma ta san kowane numfashi da inda yake, tana jin su a ƙirjinta. A garin nan an taɓa yanke wa wata gaisuwa shekara ashirin saboda an gan ta a bayan babur ɗin wani. Gwaggo ba za ta ƙara shiga kasuwa ba. Baba kuwa, a ina zai zauna?

Ƙarfe shida Ciriaco ya rako shi gida. Gwaggo ta tare shi da tsiya.

"To, malam mai kunne, an ji abin da aka je ji?"

"An ji," ya ce. Ya rataye sandarsa, ya zauna, ya ci abincinsa tas. Bai juyo wajen Nunziata ba, bai kuma tambayi gahawar Roma ba.

Da safe ta ce maƙogwaronta ya kama, murya ba ta fita. Gwaggo ta fasa ɗanyen ƙwai ta kaɗa da zuma ta tsaya a kanta sai da ta shanye.

"Ko da rarrafe za ki hau. Kina so matar mai kantin magani ta yi rawa a kaina?"

Nunziata ta dubi mahaifinta, ko zai ce a ƙyale ta. Yana ɗaura igiyar takalmi.

"Muryarta ƙalau take," ya ce.

Dandalin ya cika maƙil. An fito da gunkin waliyyi, maza takwas na ɗauke da shi a kafaɗa, biyar daga cikinsu jiya suna sinima. Don Egidio ya miƙa mata takarda, ya gyara mata makirufo. Daga saman matakalar tana ganin kowa. Ta yi ƙoƙarin jan numfashi ta hanci, amma tsoro ya toshe shi. Ta buɗe baki. Fiton ya fita ta sabuwar lasifika, ya bugi bangon sinima ya dawo, ya gangara har gonakin zaitun.

Ciriaco ya ɗago kai.

Ta karanta. Ba ta san me ta karanta ba. Duk inda ta tsaya jan numfashi sai fiton ya sake fita, ita kuma tana jiran dariyar farko, don ta san ɗaya ta isa. Maza sun cire huluna sun riƙe a ƙirji. Mai gidan burodi har da share ƙwalla. Aka ce amin.

Tana saukowa Ciriaco ya ratso mutane ya sha gabanta, yana kaɗa yatsa.

"Tsaya, 'yar birni. Tun da kika fara nake cewa na san muryar nan. Na ji ta a wani wuri, wallahi na ji ta."

Ta ga mijin ƙawarta ya matso yana saurare.

"Marigayiya mahaifiyarki!" Ya buga cinya. "Ita ce sak! Mastro, ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji Mastro Saverio. Ya miƙo hannu. "Kai ni gida, Nunzia."

Suka bi ta hanyar bayan coci inda ba kowa. Sun yi nisa kafin ya yi magana.

"Daina rawar jiki. Mutum arba'in a ɗakin nan, ba wanda ya ji ki. Ido suka kai. Da akuya aka sa ta yi kukan, haka za su tafa. Da muka fito na tambayi Ciriaco me matar ta ce, ya ce wai dama ta yi magana?"

"Baba..."

"Ni kaɗai na saurara. Tana ta cewa tana so, tana so. Ni dai abin da na ji, yarinya ce a tsaye tun safe, ba ta karya ba, ƙafarta na ciwo. Sau biyu kika haɗiye tari." Babban yatsansa ya shafa bayan hannunta, ya tsaya daidai inda fatar ta yi kanta saboda yawan tsotsa. Ya ɗan jima a wurin, sannan ya mayar da hannunsa kan gwiwar hannunta.

A gida Gwaggo ta yanka zomo, tana ta ba da labarin yadda fuskar matar mai kantin magani ta koma. Da aka kwashe kwanuka, Nunziata ta ɗauko jarida ta sama daga cikin tarin, ta ja kujerarta kusa da tasa kamar kullum. Ta ja numfashi, fiton ya fita.

Ya ɗaga hannu.

"Ba yau ba, 'yata. Ba wa Addolorata."

Gwaggo ta karɓa tana mita, ta fara haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan layi. Nunziata ta zauna da hannuwa a cinya. Ranar Talata ta hau motar Roma, tarin jaridun na nan a kan kujera.