Jan Biron Malama Salomi

Shekara biyu ke nan ina da minti biyar a rediyo duk ranar Asabar da hantsi. Ina yin sharhi a kan abin da yaran garin nan suka haska a talabijin cikin mako. Ba don na iya fim aka ba ni filin ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da adabi a makarantar 'yan mata a nan Azare, mai gidan rediyon kuma mijin ɗalibata ne, ya ce yana son tsohuwar da ba ta jin kunyar kowa. Ya samu.

Shirin da na fi yi wa sharhi sunansa Dariya Kafin Barci. Ranar Alhamis ake sa shi ƙarfe goma da rabi na dare, gutsattsarin wasannin barkwanci uku ko huɗu, kowanne bai wuce minti shida ba. Ni da na idar da isha'i sai gado, don haka da safen Juma'a nake kallonsa a waya, da shayina da littafin rubutuna. Mai rubuta shirin Abdurrahim ne, ɗan ƙanena. Wannan bai taɓa hana ni yanka shi a rediyo ba, shi ma ya sani.

Na wannan makon da wasan shugaban unguwa aka buɗe, wanda ya kira taro ya tsaya gaishe-gaishe har lokacin taron ya ƙare. Na rubuta: tunanin mai kyau ne, amma an ja shi har ya tsinke. Na biyu mai maganin gargajiya ne da lasifika, yana tallar maganin mantuwa ya manta sunansa. Na rubuta: mun ga wannan bara, sun sake masa riga ne kawai.

Sai na uku. Zaman makoki ne, mata a kan tabarmi. Aka ce a yi addu'a, kowa ya ɗaga hannu, aka shafa. Wata tsohuwa a gefe ba ta shafa ba. Hannunta na sama yana rawa, leɓenta na motsi. Aka kawo abinci, aka ci, aka kwashe kwanuka, tana nan. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, matar mamacin ta fita takaba, tsohuwa tana nan hannu a sama, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin yatsunta. Da kyamara ta matso kusa da bakinta sai aka ji abin da take faɗa: kulolin abincin da aka shigo da su take ƙirgawa.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ina so in faɗi wannan tun da wuri, don shi ne abin da na fi jin nauyinsa. Na yi dariya, na mayar baya na sake kallo, na sake yi. Sai a kallo na uku na lura da tabarau mai igiya a wuyan tsohuwar, da ɗaurin ɗankwalin da ya karkata hagu, da ƙaramin gicciyen azurfa da ya leƙo daga wuyan riga. Duk Azare mutum ɗaya ce mai wannan kama. Malama Salomi.

Salomi ta zo garin nan daga Bogoro a 1981, shekarar da ni ma na fara aiki. Lissafi take koyarwa. Tebur ɗaya muka yi tarayya a ɗakin malamai har muka yi ritaya. Mijinta ya rasu, ɗanta Boaz ya yi ta fama ta koma Jos wurinsa, ta ce ita nan ne garinsu yanzu, a nan ta san wanda ya mutu da wanda aka haifa. Kuma gaskiya ne, ba a yin rasuwa a gidan da ta sani ba ta je ba. In an ɗaga hannu ta ɗaga, amma kullum ita ce ta ƙarshen shafawa, wani lokaci da nisa.

Ni kaɗai na san dalili. Ranar bakwai ɗin maigidana na tambaye ta, muna wanke kofuna a bayan gida. Ta ce, "Maman Zainabu, ni ban iya taku ba, kuma ba zan yi ƙaryar na iya ba. Tamu nake yi a zuci. In na gama sai in kira sunayen 'ya'yan mamacin ɗaya bayan ɗaya, in roƙa wa kowanne. Ai rabinsu ni na koyar da su." Nawa bakwai ne. Ta jera mini su a tsaye a wurin, har da Hussaini da ya rasu yana jariri, wanda ni kaina na daina ambata.

Da Sallar da ta wuce yara suka cika mini gida, ana hira, kowa na kawo labarin ban dariya. Ni ma na so in ci tawa. Na kwaikwayi Salomi a makokin wani Alhaji mai 'ya'ya ashirin da uku, yadda hannunta ya yi ta rawa don gajiya, mata suna satar kallonta. Aka yi ta dariya, Abdurrahim har da faɗowa daga kujera. Ban faɗi dalilin ba. Na san shi, yana bakina, na haɗiye, don in na faɗa dariyar za ta mutu. Kulolin abinci shi ya ƙirƙira, amma ramin da ya zuba su ni na bar masa a buɗe.

Na kira shi a waya.

"Goggo, kin gani? Mutum dubu arba'in sun kalla tun jiya!"

"Na gani. Wa ya ce ka sa mata gicciye?"

"Kai Goggo, ai kayan wasa ne. Ba mu ambaci sunan kowa ba."

"Da ka ambaci sunan ai da ka rage wa mutane aiki. Ka san me take faɗa in ta ɗaga hannu?"

"Ke fa kika ba mu labarin, Goggo. Ba ki ce tana faɗin komai ba."

Na kashe wayar. Ba rashin kunya ya yi mini ba, gaskiya ya faɗa.

Kafin la'asar gari ya rabu biyu, kamar kullum. Tsofaffin malamai a zaurenmu na waya suna ta cewa yaran zamani ba su da tarbiyya. Matasa suna cewa wasa ne, wanda bai iya ɗaukar wasa ba ya kashe talabijin ɗinsa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Yaran zamani ba su ƙirƙiro yi da mutum ba, a tsakar gidajenmu suka koya, mu dai ba mu da kyamara ne. Masu cewa wasa ne kuma ban taɓa jin wanda aka yi wasan da shi ya faɗi haka ba.

Ranar aka yi rasuwa a layinmu, wani tela. Salomi ba ta zo ba. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Yau mai ƙirgen kuloli ba ta samu labari ba." Wasu suka murmusa cikin mayafi. Na sake haɗiye dalilin. Sau biyu ke nan.

Na dawo gida na zauna na rubuta sharhin da ban taɓa rubuta irinsa ba. Shafi uku. Na faɗi sunanta, na faɗi shekarunta arba'in da 'yan kai a garin nan, na faɗi abin da take roƙo, na ce ni Adawiyya ni na kai labarin, ni na yanke rabinsa. Da na karanta sai na ji ya yi kyau ƙwarai. Har na ji yadda muryata za ta ɗan karye a sakin layi na ƙarshe. Na ce bari in kai mata ta gani kafin gobe, ta san na tsaya mata.

Na same ta a baranda tana tsince wake. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Maman Zainabu. Yau mai sharhi ce da kanta?"

"Maman Boaz, sannu da gida."

"Zauna mana. Kujerar ba ta cikin shirin."

Na zauna. Na miƙa mata takardun. Ta goge hannu a zane, ta karanta tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi sauri ba. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da jan biro. Ban san tana da shi har yanzu ba.

"A nan kin rubuta 1980. Tamanin da ɗaya ne." Ta gyara. Ta ja layi a kan sunanta. Ta ja a kan Bogoro. Ta juya shafi na biyu, inda na yi bayanin addu'arta, ta ja dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na uku ma haka.

"Salomi, ai gaskiyar ke nan. Mutane su san ba kuloli kike ƙirgawa ba."

"Su sani su yi me da shi? Jiya waɗanda suka san ni ne kawai suka gane. Gobe kina so har garuruwan Yana da Disina a san sunana, in na ɗaga hannu a ce ga ta can ta fara kiran rajista?"

"Ni dai ina so in wanke ki."

"A'a. Ke kike son wanka, kin zo aron sabuluna." Ta mayar wa biron murfi. "Wannan shafin na ƙarshe ya yi daɗi fa. Har na ji inda za ki yi kuka."

Kunya ta rufe ni. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Yaron bai dame ni ba," ta ce, ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ya iya aikinsa, gizo-gizon nan ni ma sai da na yi dariya. Amma da na ga hannun yana rawa sai na ce, wannan ba yaro ya gani ba. Wanda ya zauna kusa da ni ne ya gani. Mutum ɗaya ke zama kusa da ni."

"Ki yafe mini."

"Na ji. Ba yau za a gama ba, amma na ji. Ki je ki yi musu sharhin fitila da sauti, abin da aka ɗauke ki ki yi ke nan."

Haka na yi. Ranar Asabar na ce wasan farko ya yi tsawo, na biyu tsohon kaya ne. Na uku na ce shi ne mafi kyawun ƙira a cikinsu, don ba zan yi ƙarya a kan aiki ba, amma marubucin rabin labari aka ba shi, kuma wanda ya ba shi ya san haka. Na tsaya nan. Saura minti ɗaya da rabi a lokacina, mai gabatarwa ya yi ta yi mini alama ta bayan gilashi, daga ƙarshe ya cike da kiɗa. Abdurrahim ya cire wasan daga shafinsu da yamma, bayan ya riga ya shiga kowace waya a garin.

Bayan kwana tara Hajiya Yakaka ta rasu a Katagum, tsohuwar mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai a makarantarmu. 'Ya'yanta shida, mata huɗun duk sun bi ta ajin Salomi. Na ɗauki shatar mota na tsaya a ƙofar gidan Salomi, ban kira ta a waya ba don kada ta samu damar cewa a'a. Ta leƙo ta gan ni, ta koma ciki. Na zauna ina kallon ƙofar har direba ya fara duba agogo. Sai ga ta da mayafi. Tabarau ɗin na hannunta, ta cire masa igiya.

A hanya mun yi maganar ruwan bana da tsadar wake. Ba mu yi wata ba.

Gidan a cike yake. Muka gaisa, muka yi wa 'ya'yan ya haƙuri, babbar ta rungume Salomi tana kuka tana cewa Malama, Malama. Muka samu gefen tabarma. Na ga wasu 'yan mata biyu sun dubi juna. Wata dattijuwa ta ce a yi wa mamaciya addu'a.

Na ɗaga hannu da niyya ɗaya: ba zan shafa ba sai Salomi ta shafa, ko za a kai magariba. In za a yi kallo a kalle mu mu biyu. Na karanta abin da zan karanta, na tsaya ina jira, idona a tafin hannuna. Na ji ɗakin ya shafa, na ji amin ta zagaya. Na saci kallon gefena.

Hannun Salomi na kan cinyarta. Ta shafa tare da kowa, ko daƙiƙa ɗaya ba ta ƙara ba. Tana kallon tabarma.

Ni kaɗai ce hannu a sama a ɗakin. Ban san yadda zan sauke shi ba. Sai na fara kiran 'ya'yan mamaciyar: Fatimatuzzahra, Jannatu, Sha'aban. A na huɗu na tsaya. Shekara talatin na san Hajiya Yakaka, na ci abincinta, ban riƙe sunayen 'ya'yanta ba. Hannuna ya fara rawa. Wata daga cikin 'yan matan ta toshe baki da mayafi.

Salomi ba ta juyo ba. Can ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Abdulsamad." Ta jira na maimaita, sannan ta ba ni na biyar.