Kaka Na Takwas

Duk wanda ya taɓa zaman walima da Baltabai a ƙauyensu na kusa da garin Turkistan ya san abin da ke faruwa idan an kawo kan rago. Za a miƙa masa, tunda shi ne mafi tsufa, shi kuwa ya tura farantin gaban na kusa da shi. Sai ya ce ai wanda ubansa ke raye ba ya yanka kai, kuma wa ya sani ko nasa uban yana can wani gari yana shan shayi. Mutumin ya kusa tamanin, haƙoransa ma na asibiti ne, amma har yau ana yi wa wannan magana dariya.

Gaskiyar ita ce bai sani ba ɗin. A tashar jirgin ƙasa aka tsince shi yana rarrafe, a shekarun yunwa na bayan yaƙin duniya na biyu, aka kai shi gidan marayu. Sunan ma wata mai girki ce ta laƙaba masa. A wurin da ake tambayar zuriyar mutum tun kafin a tambayi lafiyarsa, kuma yaro ke haddace kakanninsa bakwai kafin ya iya ɗaure takalmi, Baltabai ya ƙare rayuwarsa yana amsawa da raha. Abin yana masa ciwo ƙwarai, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Maƙwabcinsa Esimhan, wanda suka yi kiwon tumaki tare tun suna samari, shi kam kakanni sun yi masa yawa. Yakan jero su ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi, har da direban bas. Baltabai kuwa, ɗan jirgi yake ce masa. Amma ranar da wani baƙo ya gwada kiransa haka, sai da aka riƙe Esimhan.

Da Nurtas, jikan Baltabai, ya ce yana son Kuralai, jikar Esimhan, tsofaffin biyu suka kwana cikin farin ciki. Esimhan ya ce wannan aure ya hutar da shi ƙidayar kakanni, don jirgin ƙasa ba ya da dangi. Sai dai Baltabai ya san abin da ke tafe. Ranar haɗa surukuta dattawan dangin amarya za su zo daga garuruwa, a tambayi zuriyar ango a gaban jama'a, kuma wannan karon ba shi kaɗai za a yi wa dariya ba, har da jikansa.

Kuralai ce ta lura ya daina cin abinci sosai. Tana aikin jinya a birnin Shimkent, sai ta zo masa da wani ɗan tsinke mai auduga, ta ce gwajin asali ne, a goga a cikin kumatu a aika. Bara ma an yi wa kakanta, ya fito ɗan zuriyar Kongirat kamar yadda yake faɗa, tun daga ranar ba a sake shan ruwa a unguwar ba. Baltabai ya yi ta ƙorafi, wai yaushe yawu ya san abin da mai bakin bai sani ba. Duk da haka, da safiyar da za a goga, sai ga shi ya yi aski ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki.

Sakamakon ya daɗe bai zo ba. Ran da ya zo, tsofaffin suna shan shayi da la'asar a gindin inabi, Kuralai ta shigo da wayarta a hannu, ba ta ko zauna ba.

"Ata," ta ce da Baltabai, wato kaka a yarensu, "kai ma Kongirat ne. Kuma a cikin duk waɗanda aka gwada, wanda ya fi kusa da kai shi ne wannan da ke shanye maka shayi. Kakanku ɗaya ta wajen uba."

Baltabai ya ajiye kofinsa a hankali. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba. Ya ɗaga kai zai yi mata godiya, sai ya ga idonta ya ciko, nan take ya gane. A al'adarsu, waɗanda suka haɗa kaka a cikin bakwai ba sa auren juna, wannan ko yaro ya sani.

Esimhan ya tambaya kaka na nawa. Ta ce gwajin ba ya iya faɗa, yana iya zama na biyar, yana iya zama na goma. Ya ce to me aka gwada ke nan, an ba mutum doki an hana shi linzami.

"'Yata, goge shi," in ji Baltabai. "Ba wanda ya gani sai mu uku. Ni ɗan jirgi ne, na saba."

"Ba a goge jini, Bake," Esimhan ya ce, da sunan da yake kiran Baltabai, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kwana da kwanaki bai zo shan shayi ba. An ce an gan shi a bas yana bin ƙauyuka, yana tambayar tsofaffin danginsa, gida gida, ko akwai wanda yaro ya ɓace masa a shekarun yunwa. Baltabai ya zauna yana tsine wa ɗan tsinken nan. Ya samu abin da ya nema tun yana yaro, ga shi zai ci auren jikansa da shi. Da Esimhan ya dawo, abin da ya ce kawai shi ne ya bi duk rassan bakwai ɗin, kowane yaro an san inda ya ƙare, a sa rana.

Ranar ta zo, gida ya cika. Aka shimfiɗa abinci, aka kawo hanta da kitsen wutsiyar rago da surukai ke ci tare. Kafin kowa ya sa hannu, wani dattijo mai farin gemu daga dangin amarya ya yi gyaran murya ya tambayi zuriyar ango. Baltabai ya buɗe baki, rahar da ya saba tana kan harshensa, sai Esimhan ya riga shi.

Ya jero kakanninsa bakwai kamar kullum, ya wuce zuwa na takwas. Ya ce wannan na takwas ɗin yana da ƙane, Jilkibai, wanda ya yi fushi a kan rabon dawakai ya kora nasa ya yi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. To ga zuriyarsa nan Allah ya dawo da ita, likitoci ma sun shaida. Jini ɗaya ne, amma ya haye bakwai, aure ya halatta. Dattawa suka gyaɗa kai, wani ma ya ce kamar ya taɓa jin labarin dawakan nan.

Baltabai ya saurari wannan jeri ya fi a ƙirga, a bakin rijiya da bayan tumaki, bai taɓa jin wani Jilkibai ba. Ya matso kusa da Esimhan ya rage murya, ya kira shi da sunan da ya saba.

"Eseke, wannan ƙanen, yaushe aka haife shi?"

"Ranar Talata, a cikin bas. Rufe mini baki. Wani dai ya tafi bai dawo ba, in ba haka ba daga ina ka fito? Suna kawai na ba shi."

Sai ga kan rago an kawo. Aka ajiye shi gaban Baltabai, na kusa da shi har ya fara miƙa hannu zai karɓa, mutane suna murmushi suna jiran maganar da suka sani. Baltabai ya daɗe yana kallon farantin. Bai tura ba. Ya ɗaga tafukansa, ɗakin ya yi tsit, ya roƙi Allah ya jiƙan mahaifinsa, wanda bai san sunansa ba amma yanzu ya san mutanensa. Amin ɗin Esimhan ta fi ta kowa ƙarfi. Baltabai ya shafa, ya goge idonsa da bayan hannu, ya ce a miƙo masa wuƙa.