Kazar Ƙarfe Huɗu

Wata goma sha ɗaya na yi a ɗakin baya na gidan Kawu bayan kammala jami'a, kafin ya samo wa digirina amfani. Kimiyyar abinci na karanta, kuma a fahimtarsa wannan na nufin idan na ɗanɗana abu zan iya jero duk abin da aka zuba a ciki, kamar mai karanta takardar magani. Wata safiya ya kira ni gindin motarsa, ya ce gidan abincinsa yana mutuwa, masu saye sun koma wasu wurare, don haka yana so in zaga gari in ci na kowa, in dawo in rubuta masa rahoto. Ya ƙara da cewa shi ya riga ya san amsar, hannun Uwar Kicin, mai girkinsa, ne ya tsufa, amma yana so ya ga haka a rubuce.

Na san dalilin takardar. Uwar Kicin matar amininsa ce da ya rasu, kuma Kaka ce ta kawo ta da kanta ranar da aka buɗe wurin, ta ce masa ga amana. Kawu yana iya sallamar kowane ma'aikaci ba tare da ya ɗago kai daga wayarsa ba, amma wadda mahaifiyarsa ta kawo sai da hujja. Kaka ba ta yi karatu ba, sai dai tana girmama takarda, balle wadda jikanta mai digiri ya sa wa hannu. Aikina ke nan: in rubuta abin da zai raba mace mai 'ya'ya huɗu da murhunta, ina kwana a gidan wanda ya sa ni.

Na fara da babban kantin zamani na tsakiyar gari, inda ake sayar da boga a hawa na biyu cikin sanyin na'ura. Burodin yana da laushi fiye da kima, naman kuma siriri ne kamar an ji tausayin saniyar. Amma da zafinsa ya zo, har takardar da aka naɗe shi ta yi gumi a hannuna. Na rubuta haka a littafina. Washegari na ci shawarma a wani ɗan shago da ke fuskantar asibiti, inda mai yankan naman ba ya kallon kowa, yana yanka yana naɗewa yana miƙawa, layi kuma ba ya ƙarewa. Na ci fiza a wurin da ɗalibai ke zama su shida a kan faranti ɗaya. Na ci taliya da ƙwai a tsaye a bakin ƙofar wata ma'aikata, tsakanin mutanen da ke da minti ashirin kacal kafin a koma aiki. Kaza kuwa na ci ta a wurare tara, har na fara jin ƙamshin mai a jikin rigunana ko bayan wanki.

Ba zan ɓoye ba, na fita ne ina fatan Kawu ya yi gaskiya. Da na samu kazar da ta fi ta Uwar Kicin nesa ba kusa ba, da na rubuta hakan na yi barcina. Mutum yakan so gaskiya ta faɗo a inda ba za ta taɓa katifarsa ba. Amma ko'ina na je sai in tarar kayan ƙamshinsu bai kai nata ba. Wasu gishiri da barkono kawai suka sani. Wasu sun lulluɓe kazar da fulawa har sai ka yi tono kafin ka iske nama. Duk da haka wurarensu cike suke, namu kuma ma'aikata ne ke zaune a kujerun baƙi.

A rana ta goma na shiga wani ƙaramin wuri kusa da tashar mota, teburi huɗu ne duka. Akwatin gilashinsu kusan fayau yake, fiffike biyu ne kawai a ciki. Na ce a ba ni cinya, matar da ke sayarwa ta ce in zauna, minti goma sha biyu. Na zauna ina jin haushin jiran. Da ta kawo, na gatsa, ɓawon ya yi ƙara, ruwan naman ya gangaro mini har wuyan hannu. Kazar ba ta da wani sirri, sabuwa ce kawai. A nan zaune na gane wani abu da ya ba ni kunya: tun da Kawu ya buɗe gidan abincinsa ban taɓa cin kazar da ake sayar wa baƙi a gaba ba. Ni ɗan gida ne, ta ƙofar baya nake shiga da hantsi, Uwar Kicin ta tsamo mini daga cikin mai. Kawu kuwa likita ya hana shi soyayyen abu tun kafin ya fara sana'ar, bai taɓa sa ta a baki ba. Ƙorafin masu saye kawai yake ji, cewa kazar a bushe take.

Na tashi daga nan na nufi wurinmu, na shiga ta ƙofar gaba kamar baƙo. Ƙarfe huɗu saura kaɗan. Akwatin gilashinmu shi ne mafi kyau da na gani a duk garin, cike maƙil, cinyoyi a jere, ƙirji a jere, fikafikai a sama, ƙwan lantarki yana haska su. Shekara ashirin Kawu ya yi yana sayar da takalma kafin ya shiga harkar abinci, kuma abin da kasuwa ta koya masa shi ne shagon da kantarsa ba ta cika ba, ba a shigarsa. Don haka dokarsa ce a soye kazar yini gaba ɗaya kafin ƙarfe goma, a jera. Na sa aka ba ni cinya ɗaya. Sai da na sa haƙoran gefe kafin ta rabu da ƙashinta.

Na shiga kicin da ragowar a hannu. Uwar Kicin tana kankare kasko, ta dubi abin da na riƙo. Ta ce ta faɗa masa tun watan farko, ya ce ita ta san tukunya, shi ya san kasuwa, daga nan ta ja bakinta. Ta kuma san abin da aka aike ni nema, domin a kicin ba a ɓoye magana.

"Digiri, rubuta masa abin da yake so," in ji ta. "Ni na saba naɗe tabarmata. Kai ina za ka da tulin littattafan nan naka?"

Na ce mata ban sani ba tukuna.

Kwana biyu na yi ina rubuta shafi biyar. Kawu ya karanta a tsaye a tsakar gida, ya kai shafi na uku, ya ninke takardun. Ya ce bai aike ni in koya masa jera kaya ba, tun ban iya ɗaura wando ba yake jera kaya. Ya ce in je in gyara, jibi da la'asar za mu je wajen Kaka in karanta mata, kuma in tuna cewa ɗakin da nake ciki ba gado na ci ba. Na karɓi takardun ban ce uffan ba. Ya ɗauki shirun a matsayin amincewa, ni kuma na bar shi a haka. Har yau ban yanke wa kaina hukunci ba ko wannan dabara ce ko tsoro ne ya sa rigar dabara.

Ran nan na isa ɗakin Kaka da leda biyu. Kawu yana zaune a kujera, Uwar Kicin a ƙasa kusa da ƙofa, an kira ta domin ta ji da kunnenta. Kaka ta dube ni ta ce maigidan nata ya yi ƙiba, ashe yawon cin abincin wasu mata yake yi ya bar ta da yunwa. Na ce ai ga shi na kawo toshi. Na buɗe ledojin a faranti biyu, na ce mata duka hannu ɗaya ya soya su, kaza iri ɗaya, mai ɗaya. Wannan an tsamo ta minti ashirin da suka wuce, waccan kuma tun safe take cikin gilashi, ita ce ake sayar wa mutane.

Kawu ya ce, "Farfesa, karatu aka ce ka yi."

Na ce, "Shi zan yi, Kawu."

Na karanta shafi biyar ɗin kamar yadda na rubuta su, ban tsallake layi ba. Na karanta wuraren da na je da abin da na ci. Na karanta cewa gishirin Uwar Kicin yakan ɗan yi yawa a shinkafa, amma a kaza ban samu wanda ya kamo ta ba. Na karanta cewa takalmi yana iya wata shida a kanta bai canza ba, kaza kuwa minti talatin take da shi. Na sake karanta wannan layin domin kada a ce ban faɗa da kyau ba.

Kaka ta ci ta farko har ƙashi. Ta ɗauki ta biyu, ta juya ta, ta gwada da sauran haƙoranta huɗu, ta ajiye. Ta tura farantin gaban Kawu ta ce ya ci. Ya ce likita ya hana. Ta ce to ya taɓa da yatsa, likita bai hana taɓawa ba. Ya taɓa. Ya daɗe yana kallon farantin.

Kaka ta ce gilashi nasa ne, ya cika shi da abin da ya ga dama, ko da duwatsu ne. Amma yarinyar nan ba inda za ta je, kuma kada ta sake jin zancen. Kawu ya ce to, Inna. Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, yana buƙatar mabuɗin ɗakinsa kafin ƙarshen mako. Na ce gobe da safe zai same shi a hannun matarsa.

Muka fito tare da Uwar Kicin, muka taka zuwa bakin titi inda ake jiran mota. Ina tsammanin za ta yi godiya, har na fara shirya yadda zan ce ba komai. Muka yi tafiya mai ɗan nisa, sannan ta tsaya ta gyara mayafinta.

"Zancen gishirin nan," ta ce, "a gaban tsohuwa ka faɗa. Shekara talatin ina dafa shinkafa ba wanda ya taɓa ce mini haka. Ka cire shi daga takardar."

Na ce mata shi ma ba zan gyara ba.