Burtalin da Malam Tukur Ya Kashe

A daren da ruwan farko ya sauka, bayan sallar isha, Malam Tukur ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi a Bodinga. Ƙwas, ƙwas, sai a ja wani abu ƙiii a jikin kwano, sai numfashi mai nauyi kamar na mutanen da suka sha tafiya. Matarsa Kulu ta ce aljannun tsamiyar da aka sare ne suka zo cigiyar gidansu. Ya ɗauki fitila ya nufi sababbin gidaje.

Shanu ne. Sun kai hamsin, sun yi cirko-cirko a bayan gidan ɗansa Idi, babu makiyayi tare da su. Wata tsohuwar saniya ja ce a gaba, tana taɓa ƙyauren kwano da ƙaho, ta dakata, ta sake taɓawa, kamar baƙon da ya yi sallama yana jiran amsa.

Tukur ya san saniyar. Ya hure fitilarsa don kada a gan shi.

* * *

Shekarar da aka sami mulkin kai gari ya cika ya batse. Hanyar motar da ta wuce Shagari ta kawo leburori da masinjoji, kowa da iyalinsa, ba wurin sa haƙarƙari. Idi ma leburan hanya ne, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗakin da a da ake ɗaure jaki. Sai hukuma ta ce za a yanka filaye a gefen gari, a jera ƙananan gidaje masu rahusa don talaka ya samu.

Mai awo ya zo da rani, da doguwar sarƙa da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa da ido ɗaya. Tukur ya roƙa aka bar shi ya leƙa, ya ga raƙumi can nesa yana tafiya ƙafafu a sama. Kwana uku yana ba da labarin. Mai unguwa ne ya haɗa su, don ba wanda ya kai Tukur sanin iyakokin gonaki.

A rana ta huɗu suka iso burtali, hanyar shanu mai shingen aguwa dama da hagu, wadda ta taso daga rugar Husaini ta bi gefen gonar Tukur ta faɗa tafki. Shekara talatin suna maƙwabtaka da Husaini. Da kaka shanunsa kan kwana a gonar Tukur su zuba taki, shi kuma ya ba da damman gero. Da rani Husaini kan yi kudu da garke, ya bar rumbunsa amana a hannun Tukur.

Mai awo ya ce layin ƙarshe, gida takwas, dole ya faɗa ɗayan biyu, ko burtalin ko gonar. Ya ce shi ba ya taɓa hanyar da ake bi. Ya tambaya ko har yanzu shanu na binta.

Tukur ya dubi gonar da ubansa ya bar masa. Ya dubi burtalin, iska ta share shi tas, ko sawun akuya babu.

"Wagga hanya ta mutu tuni, ranka shi daɗe," in ji shi.

Mai unguwa ya kau da kai. Idi yana riƙe da bakin sarƙa, ya ja ta.

Aka sare aguwa, aka kwaɓa ƙasa. Idi ya sami gida a layin. Ranar tarewa matarsa ta yi ta shafa bango tana hawaye, yaran suna gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan don kawai akwai wancan ɗin. Tukur ya ci tuwon tarewa, ya ce wa ransa dabba ba ta rasa hanya.

* * *

Washegarin daren ruwan farkon, da safe, Husaini ya iso da 'yan maruƙa. Manyan shanun sun ji ƙamshin gida tun daga Lambara, suka baro shi. Kowa ya fita shuka ran nan, gonaki sun rufu, ba inda kofato zai taka. Wani masinja daga cikin sababbin mazauna yana ta faɗa, wai zamani ya sake, nan gari ne ba ruga ba, a kwashe masa kashin shanu daga ƙofa.

Husaini bai kula shi ba. Ya durƙusa ya gaida mai unguwa, ya juyo ga Tukur ya tambayi Kulu, ya tambayi ciwon gwiwa, ya miƙa masa ƙoƙon man shanu kamar kowace shekara. Ya ce ya biya ta rumbu, ya tarar ko zangarniya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba, Allah shi saka da alheri, irinsu Malam sun ƙare a duniya.

Ƙoƙon ya yi wa Tukur nauyi. Ya rasa inda zai ajiye shi.

Husaini ya bi jikin katangar yana taku, ya dawo. Ya ce shanun ba su sha ba tun jiya da azahar, in ba hanyar tafki to zama ya ƙare, sai ya kwashe bukkokinsa ya yi gaba. Bai ga laifin masu gidajen ba, kowa na son inuwa. Mai awon ma baƙo ne, ina zai sani, tun da ba a sami wanda zai gaya masa ba.

Nan ya tsaya. Ya dubi mai unguwa, ya dubi Idi da ke tsaye a bakin sabon zaurensa, sannan ya dubi Tukur, a hankali, ba fushi a fuskarsa.

"Malam, ran da anka zo awon ga, ba ka gari ko?"