Layi Biyu a Aljihun Injiniya

Awa arba'in da takwas cibiyar bincike ta ba Dakta a kan kwamfutocinta sittin masu aiki a haɗe, don ta lissafa yanayin ruwan sama na shekara talatin. Wanda bai gama a lokacinsa ba, sai bayan wata huɗu. Awa ashirin da tara sun wuce, ko fayil ɗaya na bayanan ruwan bai sauka daga intanet ba. Duk aikin da ta tura sai ya yi ta jiran intanet har ya mutu.

Ta sauko ɗakin na'urori a karo na uku, idanunta kamar an zuba yashi. Injiniya, dattijon da ke kula da ɗakin, yana zaune cikin rigar sanyi yana ɓare lemo.

"Baba, har yanzu shiru."

"Ai dole shiru, 'yata. Kin saka furoksi?"

"Wane furoksi?"

"Su waɗannan kwamfutocin ba sa fita waje da kansu. Akwai guda ɗaya mai yi musu aike. Sai kin gaya musu adireshinta da lambar ƙofarta."

"Au, wannan? Ai na saka a kwamfutar da nake shiga."

"To, ita kaɗai ta ji. Sauran sittin ɗin fa? A cikin aikin ake rubutawa."

Ya goge hannu a wando, ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki. Layi biyu ne kacal, na adireshin da lambar ƙofar.

"Baba, jiya da na zo me ya hana ka faɗa?"

"Jiya cewa kika yi intanet ta lalace. Na duba, lafiyarta lau."

"Shekara nawa wannan takarda take aljihunka?"

"Bakwai. Duk wanda ya tambaya ina ba shi."

"Wanda bai san zai tambaya ba fa? Ku rubuta a littafin jagora mana! Ku manna a ƙofa!"

"An kafa kwamiti a kan littafin," in ji shi. "Ungo lemo."

Ta so ta yi masifa, amma ƙarfin ya ƙare. Haka aka saba a nan: kowa sai ya ƙona kwanansa guda kafin a buɗe masa aljihu, sannan ya yi godiya. Ita ma ta yi godiyar.

Ta hau sama ta saka layukan. Fayilolin suka fara sauka kamar an kunce famfo. Ta yi lissafi a bayan ambulan: saukewa awa tara, aikin kansa awa goma sha huɗu. Saura mata sha takwas, ba za su ishi shekara talatin ba.

Abokiyar ofishinta ta leƙo. "Ya kama?"

"Ya kama."

Ta daɗe tana kallon jerin shekarun. Sannan ta goge bakwai na farko, har da shekarar farin da ta sa ta fara binciken, ta tura sauran. Ta cire takalmi, ta kifa kai a kan tebur.