Biron da Tela Ya Bayar

"Karanta mini, Tela. Daga farkon babin."

Tela ya buɗe littafin rubutun a kan gwiwarsa. Shafin fari fat. Ya juya na gaba, shi ma haka. Shafi goma sha ɗaya, babu ɗigon tawada ko ɗaya, sai shatar da tsinin biro ya bari a jikin takarda.

Malam yana kwance a gadonsa na ƙarfe, fuskarsa wajen taga, ko da yake shekara biyu ke nan idanunsa ba sa ganin komai sai haske dishi-dishi. Tsohon malamin adabi ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Tela. Shi ya koyar da Tela a sakandare, ya kayar da shi jarrabawa sau biyu, kuma har gobe yana yi masa gori a kai. Tun da ya yi ritaya yake rubuta sharhi a kan wani tsohon littafin labari, na mutumin da ya gina kanti a dokar daji inda aka ce jirgin ƙasa zai biyo, ya tsufa yana share ƙofar kantin, jirgi bai zo ba. Shekara talatin Malam yana gaya wa ɗalibai cewa mai kantin nan wawa ne, buri ya cinye masa rayuwa. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya ce ya sake tunani, kuma babin ƙarshe ne zai faɗi abin da ya gano. Da lalube ya rubuta shi, yana aza rula don kada layi ya karkace, bai yarda kowa ya leƙa ba.

Biron kuwa Tela ne ya ba shi. Mako uku da suka wuce na Malam ya ɓata, Tela yana sauri, mai kaya na jiransa a shago, ya zaro ɗaya daga aljihu ya danƙa masa. Ko gwada shi a tafin hannu bai yi ba.

"Ka yi shiru. Ko har yanzu karatun ne yake ba ka wuya?"

"A'a, Malam. Rubutun ne nake kallo."

"Ya yi kyau, ko? Sai da na danna hannu sosai."

"Ya yi kyau."

Tela ya dubi hannun Malam da ke kan bargo. Jiya ko cokali ya kasa riƙewa. Muryar ma da ƙyar take fita, kalma uku sai numfashi. Ko da Tela ya faɗi gaskiya, babu sauran ƙarfin da za a sake babin da shi.

"Malam, ko za ka gaya mini da baki? Wawa ne ko ba wawa ba?"

"Ragwanci! Yana nan a rubuce. Karanta mini ko layin ƙarshe ne."

Tela ya matsa jikin taga, ya karkata takardar ga hasken hantsi. Shatar kowane shafi ta huda zuwa na ƙarƙashinsa, layi ya hau layi. Ya ƙura idanu har suka kawo ruwa.

"Amma... mai kantin..."

"Yauwa," in ji Malam, yana murmushi. "Ci gaba."

Bai iya ba. Ya rufe littafin.

"Na baro tabarau a shago, Malam. Bari in ɗauko."

"Kai da tabarau yaushe?" Ya yi 'yar dariya, tari ya tare ta. "Je ka. Ina nan."

Tela bai taɓa mallakar tabarau ba. Ya zauna a gaban keken ɗinkinsa ya kasa taka shi, yana ta shirya yadda zai fara maganar. Bai gama shiryawa ba 'yar Malam, wadda ta zo jinya, ta tsaya a ƙofar shago, mayafinta a hannu. Da ganin fuskarta ya gane Malam ya rasu.

Bayan kwana uku ta kawo masa littafin. "Baba ya ce kai za ka kai a buga. Ya ce kai kaɗai ka ga ƙarshensa."

Da ta tafi, ya ture yadin da ke kan teburin yanka, ya fere fensir, ya kwantar da bakinsa a shafin ƙarshe yana gogawa a hankali. Takardar ta yi toka-toka, fararen layuka suka fito a cakuɗe kamar zaren da ya harɗe a ƙoshiyar keken ɗinki. Can ƙasa kalmomi uku suka fita sarai: Amma mai kantin. Ya ci gaba da gogawa har fensir ya kai bakin takarda, wata kalma ba ta ƙara fitowa ba.